Godiyata ga waɗanda suka yi mini walimar bankwana

Assalamu alaikum. Tun ranar Asabar nake ɗaukar waya ina ajiyewa, na rasa ta inda zan fara. Saƙonni sun taru, wasu ko buɗe su ban yi ba, shi ya sa na ga gara in rubuta a nan kowa ya gani. Na gode, na gode. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

An yi mini canjin wurin aiki bayan shekara 9 ina tsara abincin marasa lafiya, mafi yawa a ɗakin yara masu tamowa. Ni a zatona zan miƙa makullan sito ne in kama hanya. Ina fitowa sai ga tabarmi a gindin darbejiya, ga kuloli jere, ga mata da goyo waɗanda har yau ban san wa ya kai musu labari ba.

Da nas-nas ɗin dare zan fara. Yaron da aka kawo a galabaice ba a cika masa ciki, jikinsa ba zai ɗauka ba. Madarar F-75 ake ba shi kaɗan-kaɗan, duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana, wani ma sai ta robar hanci. Nawa shi ne in ɗora shi a sikeli in lissafa abin da zai sha. Ku ne kuke tashi ƙarfe biyu na dare da kofi a hannu kuna lallashin uwar da barci ya ci ƙarfinta. Masu girki da masu shara, ku ma ban manta da ku ba.

Cikin matan da suka zo akwai wadda ban gane ba sai da ta turo wani yaro gabana ta ce, "Malama, ga ɗanki." Shekara shida ke nan da ta kawo shi, cikin damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro kuma ya cika gari. Ƙafafunsa a kumbure, ka danna da babban yatsa ka ɗaga sai rami ya zauna. Gashi ya yi ja ya kwanta. Na zagaya tef ɗin awo a dantsensa ya tsaya a kan ja, alamar tamowa mai tsanani, bai kai santimita 11.5 ba. Ko kuka ba ya yi, kuma shirun nan ya fi ba mu tsoro. Kakarsa ta dage mayu ne, har ta fara naɗe tabarma. Na durƙusa na ce, "Inna, ki ba ni kwana bakwai." A kwana na shida kumburin ya fara sacewa, na yaga ledar gyaɗar nan ta RUTF, abincin da ake farfaɗo da masu tamowa da shi, na miƙa masa don in gwada ko zai ci, sai ya fizge ta da hannu biyu, da na kai hannu ya tsala ihu. Duk ɗakin muka kwashe da dariya. Ranar Asabar yaron nan faranti biyu na dambu ya tashi da su, yana gaya mini ajinsu a makaranta. Albashina na shekara tara bai taɓa sa ni hawaye irin na ranar ba.

Ba duka muka sallama da rai ba. Akwai waɗanda aka kawo a makare, ina tuna fuskokinsu. Allah ya sa masu ceto ne, ya ba iyayensu haƙuri.

Ga iyayena na layin masu ciwon suga da hawan jini, na gode da haƙurin da kuka yi da bakina. Ban taɓa hana kowa tuwo ba, cewa na yi malmala ta koma kamar dunƙulen hannu, miyar ganye ta ƙaru, gishirin wuni kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Alhajin da muka shekara biyu muna gardama a kan shayi mai suga cokali huɗu, katan ɗin lemon kwalban da ka aiko ya iso, kuma na gane tsokana ce.

Baba, kai da ka ce da ni, "Yanzu sai an je jami'a ake koyon tuwo?", na gan ka a sahun gaba kana gyara hula. Mutane da yawa har gobe kuku suke ɗauka na, "mai abinci" suke kira na, na daina gyara musu tuntuni. Maigida da yara, kun ci ɗumame ba adadi saboda ni, Allah ya biya ku.

Matan da na yi wa faɗa a kan zubar da dakashi, ko ɗura wa jariri ruwa kafin ya cika wata shida, ku yafe mini zafin murya, amma maganar tana nan yadda na faɗa. Garin kunun da muka koya tare kada a bari: gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban kafin a kai niƙa.

Ranar Litinin zan kama aiki a sabon wuri, ina roƙon addu'arku. Awon ranar Talata yana nan bai tashi ba. Ƙanwata a aiki da za ta karɓe ni, tef ɗin awon dantse yana cikin aljihun tebur na sama, ƙaramin sikelin kuma a riƙa mayar da shi sifili kafin a ɗora yaro, yana da ƙarya da safe.