Safiya ɗaya a dajin Amurum

Ranar da na gaya wa Kawu a waya cewa ina tafe Jos kallon tsuntsu, shiru ya yi har na ɗauka layin ya katse. Can sai ya ce, "Tsuntsu kamar yaya? Na ci ko na sayarwa?" Na ce na kallo ne kawai. Ya ce to Allah ya kawo ni lafiya, in taho da rigar sanyi, kuma kada in kuskura in gaya wa mutanen unguwa abin da ya kawo ni.

Na baro Abuja da sassafe, farkon watan Nuwamba, damina ta ɗauke, hunturu yana leƙowa. Keffi da Akwanga ba wani labari, sai buhunan gawayi da aka jera a bakin titi ƙauye bayan ƙauye, wasu sun fi mutum tsawo. Direbanmu ya tsaya ya ɗora biyu a but. Daga Hawan Kibo ne tafiyar ta zama tafiya: mota tana nishi, kunnuwa suna toshewa, iska ta sauya kamar an buɗe firji. Jos tana bisa tudun da ya haura mita 1,200, shi ya sa wanda ya fito daga zafin Abuja da shimi yake shiga garin yana rawar ɗari.

Ba baƙo ba ne ni a Jos, nan ne dangin mahaifiyata suke tun zamanin haƙar kuza. Amma in aka ce dabbobin daji, abin da na sani bai wuce gandun namun daji na Jos ba, wanda aka kafa a 1972 lokacin Gwamna Joseph Gomwalk, inda ake kai mu yawon Salla muna yara. Wani abokin aikina ne ya fara ambata mini Amurum. Ya ce akwai ɗan daji a Laminga, kimanin kilomita 15 daga cikin gari, wanda masana tsuntsaye ke tasowa daga Turai don su gani, mu kuwa da muke da dangi a gindinsa ko sunansa ba mu taɓa ji ba. Maganar ta tsaya mini a rai. Shi ne ya haɗa ni da wanda zai yi mana jagora, don ba wuri ne da mutum zai faɗa kai tsaye ba sallama ba.

Ɗan Kawu, taubashina, shi ya kai ni a mashin ɗinsa bayan sallar asuba. Tun a hanya ya fara: wai Abuja ta lalata ni, yau kallon tsuntsu, gobe sai in ce zan auri Baturiya. Na ce masa ya kula da hanya dai, bawa ba ya tsoma baki a harkar ubangidansa. Sai da muka tsaya a madatsar ruwan Lamingo yana cewa mun iso, na tuna masa Laminga aka ce, ba Lamingo ba. Da muka isa yatsuna sun ƙage, ko maɓallin riga ba na iya ɓallewa.

Mai jagoran namu matashi ne siriri, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Abu na farko da ya ce bayan gaisuwa shi ne, "Malam, don Allah a kashe ƙarar waya, kuma wannan farar rigar a rufe ta." Ya ba taubashina wata tsohuwar jaket mai launin ƙasa ya ɗora.

Dajin ba shi da girma, kadada 300 ne ko kusa da haka, mutum mai ƙafa zai iya kewaye shi a yini. Sai dai kashi uku ne a cure wuri ɗaya. Ga manyan duwatsu masu sulɓi da suka hau kan juna kamar an jera da hannu, ga fili mai ciyawa da gajerun itatuwa, ga kuma kurmi mai duhu da ya bi bakin rafi, wanda in ka shiga sai ka ji sanyinsa daban. Wannan haɗuwar ce ta sa aka ƙirga tsuntsaye iri sama da 300 a ɗan wurin nan. Mutanen Laminga, Afizere, waɗanda mu Hausawa muka fi sani da Jarawa, su ne masu dajin, kuma tun kaka da kakanni suna girmama shi bisa al'adarsu, abin da ya taimaka ya tsira lokacin da gatari ya cinye na kewaye. A 2001 aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis a nan, ƙarƙashin Jami'ar Jos, da yardar mutanen garin. Ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma suna zuwa yin digiri na biyu kan kare halittu.

Rana ba ta gama fitowa ba muka ji kazar dutse tana kiran 'yan uwanta daga saman fa. Cilakowa ta wuce da tashinta na sama da ƙasa. A kan wani dutse agwada uku sun baje suna shan hantsi, ko a jikinsu. Taubashina ya raɗa mini cewa da a ce da danƙonsa ya zo, da yau an ci daɗi. Mai jagora ya ji, ya yi murmushi, ya ce shi ma da danƙo ya fara sanin tsuntsaye, yanzu da su yake cin abinci ba tare da ya kashe ko ɗaya ba.

Ya nuna mana wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa a kan kara, wanda ni da na gan shi a hanya ko kallo bai ishe ni ba. Ya ce wannan baƙo ne, daga Turai ya zo. Idan sanyi ya kama can, sai su keto teku da Sahara su yi watanni a nan, bazara ta yi su koma. Masu bincike suna kafa raga mai laushi su kama su, su auna nauyi da tsawon fiffike, su saka musu ɗan zobe mai lamba a ƙafa su sake su. In aka sake kama shi a wata ƙasa, lambar ce za ta faɗi inda ya fito. Na tsaya ina kallon abin da bai kai nauyin ƙwan kaza ba, na tuna yadda na yi ta mita a kan zaman mota na sa'o'i biyar.

Amma ba shi na zo nema ba. Wanda ya kawo ni ɗan mitsitsi ne, jinsin jajayen tsuntsayen nan masu tsintar tsaba a tsakar gida, sai dai shi a duwatsu yake zama. Duniyar ilimi ba ta san shi a matsayin iri mai zaman kansa ba sai a 1998, lokacin da Robert Payne, masanin tsuntsaye daga Amurka, ya bayyana shi. Sunan da aka ba shi a Latin ma'anarsa mai jan baya kamar jini.

Labarinsa ne ya fi burge ni. Akwai wani baƙin tsuntsu mai sheƙi, shi ma sunan tudun Jos yake ɗauke da shi, wanda ba ya gina sheƙa, ba ya kwanci, ba ya reno. Macen sai ta faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar mai jan bayan. In an ƙyanƙyashe, cikin bakin ɗan nata yana da zane irin na 'ya'yan gidan, don haka masu gida suke ta ɗura masa abinci ba su san agola ba ne. In ya girma, namijin waƙar uban riƙonsa yake rerawa, macen da ta tashi a irin wannan gida kuma wannan waƙar take bi ta zaɓi miji. Taubashina ya ce ai ya san mutane da yawa masu wannan hali, ya kalle ni. Mai jagora ya yi dariya har sai da ya toshe bakinsa.

Muka sami gindin wani dutse kusa da ɗan ruwan da ya kwanta a kwarmi, aka ce mu zauna. A nan na gane bambancin wurin nan da inda aka saba kai mu. Can dabba ce take jiranka a bayan waya, nan kai ne kake jira, kuma ba wanda ya yi maka alkawari. Minti ashirin, talatin. Ƙafata ta yi sanyi, cinnaka ya same ni a ƙugu, na daure. Daga nesa ana jin sara, ƙwas, ƙwas. Mai jagora ya karkata kai ya saurara, ya ce a wajen iyaka ne. Ya ce matsalar kenan kullum: itacen girki, wutar daji da rani, dabbobin kiwo. Bai zagi kowa ba. Ya ce matar da ke saran nan tuwo za ta tuƙa, kuma in ba ta ga amfanin dajin a tukunyarta ba, ba takardar da za ta hana ta. Na tuna buhunan Akwanga, na tuna kuma cewa tun da gas ya yi tsada, gidana ma da gawayi ake dafa wake. Ban ce komai ba.

Sai ya taɓa gwiwata da yatsa ɗaya.

Su biyu ne, sun sauko bakin ruwan. Ya miƙo mini madubin, na yi ta lalube, dutse, ciyawa, dutse, sannan na same shi. Kai toka-toka, baki mai shuɗi-shuɗi, baya da ƙirji ja wur kamar garwashin da aka hura. Ya tsoma baki, ya ɗaga kai, ya sake tsomawa. Macen tana gefe, launinta bai kai nasa ba. Ban fi ƙirga goma ba wani abu ya motsa a ciyawa, suka yi fir. Taubashina, mai surutun nan, bakinsa a buɗe. Baƙin agolan kuwa ba mu gan shi ba ranar, ko da muka ƙara awa guda.

A hanyar fita muka tsaya a cikin gari muka sayi ayaba da gyaɗa a hannun wasu mata, na sallami mai jagora, na haɗa ledojinmu na cusa a aljihu don ya riga ya gargaɗe mu tun da safe.

Da daddare, muna shan gwaten acca, na nuna wa Kawu hoton da na ɗauka da waya. Dutse ne kawai da wani ɗigon ja a gefe. Ya sa tabarau, ya kai wayar kusa da fitila, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Wannan ne ka ƙona kuɗin mota a kansa?" Na ce shi ne. Ya ce shekararsa sittin da wani abu a garin nan, irin waɗannan sun sha gasa su suna yara a bayan kududdufan kuza, ba wanda ya ce musu suna da suna. Ya ajiye wayar, ya ci gaba da shan gwatensa. Sai da na tashi zan shiga ɗaki ya kira ni, ya tambaya ko hanyar wurin mota tana shiga, don gwiwarsa ba ta son mashin.