Abin da Gaɓar Bahar Maliya Ta Koya Mini

Duk wanda ya yi aiki a ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai daga Sawakin ta Sudan zuwa Suwez ta Masar ya san cewa iskar arewa ce ke mulki a wannan hanya, domin kusan duk shekara daga can take kaɗowa. Jirgin filafilai ba ya iya tunkarar iska kai tsaye, sai dai ya riƙa karkata dama da hagu, ya yi doguwar tafiya kafin ya matsa gaba kaɗan, igiyar ruwa kuma tana ta dukan goshinsa. Saboda haka darasin farko da na koya shi ne zama. Idan iska ta tsananta, mukan shige ɗaya daga cikin lungunan gaɓar Sudan da ake kira marsa, mu saki anka, mu yi kwanaki muna ɗinkin filafilai da duba igiyoyi har ta lafa. A ganina kyaftin da ya iya cewa "yau ba za mu tashi ba", alhali kowa ya ƙosa, ya fi wanda ya iya gudu ƙwarewa.

Rana ma tana da nata sharaɗin, kuma shi ya fi ɗaukar hankalina. Bakin kowace marsa cike yake da duwatsun murjani da ke kwance dab da saman ruwa, taswirorin yankin kuwa da yawansu daga tsohon awo aka zana su, har na'urar GPS mai nuna inda ake takan nuna jirgi a kan tudu alhali yana tsakiyar mashiga. Ido ne abin dogaro. Mutum ɗaya yakan hau jigon jirgi yana karanta launin ruwa: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore alamar ƙasa ta matso, ruwan ƙasa-ƙasa kuwa dutse ne da zai iya fasa jirgi. Wannan karatu ba ya yiwuwa sai rana tana sama ko tana bayan mutum, kuma da yake mai shiga marsa yamma yake fuskanta, wanda ya makara har la'asar ba abin da zai gani sai ƙyalli. Shi ya sa muke tashi da asuba, lokacin da iska ba ta farka ba, mu auna zangonmu yadda za mu isa kafin azahar ta wuce.

Ruwan sha da awo ake ba da shi. Da ruwan teku muke wanke kwanuka da yin alwala, ko da yake gishirinsa ya kai kimanin giram 40 a kowace lita, abin da ya sa tufafi ba sa bushewa sosai. Alƙibla kuma ba ta zama wuri ɗaya: a Sawakin, inda kakanninmu mahajjata suka riƙa tsallakawa zuwa Jidda kafin Fot Sudan ta karɓe harkar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20, arewa maso gabas muke fuskanta, amma kafin mu kai gaɓar Masar ta koma kudu maso gabas.

A mashigin ruwan Suwez aikin ya sauya kama, domin can akwai rijiyoyin mai da manyan jiragen dakon kaya, sai gadin dare ya zama na mutum biyu, ɗaya a sitiyari ɗaya yana lura da fitilu.