Kuɗin Hanya a Legas: Wa Ke Ɓata Titi, Wa Ke Biya?

Wanda ya saba bin hanyar Sango-Ota ya san tashar da har yau ake kira Tolget, alhali babu mai karɓar ko kwabo a wurin. Sunan ya samo asali ne daga shingayen karɓar kuɗi na gwamnatin tarayya, waɗanda Obasanjo ya ba da umarnin rushewa a ƙarshen 2003 saboda abin da ake tarawa ba ya isa inda ya kamata. Ga shi maganar ta dawo: a 2021 gwamnati ta amince da sabon tsari, a 2025 kuma aka fara karɓa a hanyar Abuja zuwa Makurdi.

Ni a ganina biyan kuɗin hanya ba zalunci ba ne. Zalunci yana shiga ne wajen rabon nauyin.

Injiniyoyin hanya suna da wani lissafi da ya fito daga gwajin da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960. Ɓarnar da mota ke wa kwalta ba ta tafiya daidai da nauyinta. Idan nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar ninki 16 take yi. Layin tayar tirela mai ɗauke da tan 10 yana cin titi kamar na ƙaramar mota mai tan ɗaya sau 10,000. Ko tsakanin tireloli ma akwai bambanci. Ƙa'idar ECOWAS ta tsaya a tan 11.5 kan layi guda. Wanda ya yi lodi har tan 16 ya kusa ninka ɓarnar sau huɗu. Shi ya sa hannun da manyan motoci ke bi a Apapa yake fara lotsawa, ruwa ya kwanta a sawun taya, ya ratsa ƙasa, damina ɗaya ta mai da shi rami.

To, a tsarin 2021 ƙaramar mota naira 200 ce, babbar mota 500. Ke nan mai ƙaramar mota da fasinjan danfo (ƙaramar bas ta haya a Legas) su ke biyan gyaran abin da ba su ɓata ba. Shingen da babu sikelin awon mota a gefensa, kuɗi kawai yake tarawa, ba ya kare titin.

Na san abin da 'yan uwanmu na kasuwannin Mile 12 da Alaba Rago za su ce: a ƙara wa tirela kuɗi, a ƙara wa abinci tsada. Mu yi lissafi. Tirela mai buhu 600 ta wuce shinge goma, a ce kowanne naira 1,600, jimla 16,000, wato ƙasa da naira 27 kan kowane buhu. Ba wannan ke karya ɗan kasuwa ba. Abin da ke karya shi shi ne shingayen da ba su da rasit, na 'yan agbero ('yan tasha masu karɓar kuɗi a hannun direbobi) da masu sanda, da kuma ɓata lokaci. Hatsi yana iya jira. Tumatir da tattasai da shanu ba sa jira. Kwana ɗaya a cunkoso ya isa ya mai da kwandon tumatir ruwa. Idan za a karɓi na hukuma, to wajibi ne a tashi na bayan fage, in ba haka ba an yi wa mutum aski biyu a kai ɗaya.

Shingen kansa yana iya zama matsala. Idan kowace mota na ɗaukar daƙiƙa 20 wajen biya da jiran canji, layi ɗaya mota 180 kawai zai wuce da su a awa. Duk wanda ya bi hanyar Lekki da safe bayan an fara karɓa a Disamban 2011 ya ga haka. Kati ko na'urar da ake liƙawa a gilashi suna rage wannan, amma sai an tanadi wurin saka kuɗi a tashoshin mota da kasuwanni, domin direba da yawa ba ya mu'amala da banki, sabis kuma yana ɗaukewa.

Darasin Lekki bai tsaya nan ba. An ba kamfani hanyar mai kimanin kilomita 49 na shekara 30, aka fara karɓa tun aikin bai kammala ba, mazauna suka yi ta kukan cewa babu wata hanyar kirki da za su bi kyauta. Daga baya gwamnatin jiha ta saye yarjejeniyar, sannan karɓar ta tsaya a Oktoban 2020. A lokacin da ake karɓa, mutumin Ajah da ke aiki a Obalende ba shi da zaɓi, sau biyu yake biya kullum, kuma kuɗin da aka ɗora wa danfo a kan fasinja yake sauka, da ƙari.

Kafin a kafa shinge a sabuwar hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba, ya kamata ƙungiyoyin direbobi da shugabannin kasuwa su nemi a rubuta musu a takarda: nawa ake tarawa duk wata, wane asusu yake shiga, cikin kwana nawa za a cike rami idan ya ɓulla, kuma idan ba a cike ba, a dakatar da karɓa har sai an gyara.