Zaren ƙarshe na kamun kifin tirawut

Jama'a wallahi kamun tirawut (wani kifin ruwan sanyi) da ƙudan bogi, wato ƙugiyar da aka yi wa ado ta yi kama da ƙuda, a nan Ingila wani ilimi ne daban. Yau na wuni a gefen kogin Test, ruwan garau yake kana ganin duwatsun ƙasa, kifin ma yana ganinka, shi ya sa duk rigimar tana kan ɗan siririn zaren da ake ɗaurawa a ƙarshe kafin ƙugiya.

Lambarsa da X ake yi, lamba na hawa zaren na ƙara sirancewa. 5X kaurinsa inci 0.006, 6X 0.005, shi kuwa 7X 0.004 ne, kamar gashin kai, nauyin da zai ɗauka bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Ka raba lambar ƙugiya gida uku ka samu wanda ya dace, ƙugiya mai lamba 18 ta tafi da 6X kenan.

Amfanin siririn shi ne ƙudan ya bi ruwa a sake ba tare da zare na jansa ba, tirawut in ya ga ana jan ƙuda ko kallo bai ƙara yi. Zaren nailan na sa yau tunda a saman ruwa ƙudana yake, ɗayan irin zaren, na fulorokabon, nutsewa yake yi, ga tsada kuma.

Amma ni gaskiya ban son 7X sai dole, don da shi sai ka daɗe kana lallaɓa kifi har ya galabaita, kuma sakinsa za ka yi, in ruwa ya yi ɗumi yana iya mutuwa bayan ka sake shi. Kuma a riƙa jiƙa ƙulli da yawu kafin a ja, busasshe tsinkewa yake.