Randar da ta fi ƙarfin baƙinta

Shekara biyu na yi ina aiki a wani otal a Garwa, kusa da Benuwe. Nawa aikin shi ne lemuka: folere, wato zoɓo, da jinja da ruwan tsamiya. Barasa akwai mai kula da ita, wani dattijo ɗan kudu da muke kira Baba. Daren bonane, wato sabuwar shekara, zazzaɓi ya kwantar da shi, ga liyafa an riga an biya kuɗinta, sai patron, wato maigidan otal ɗin, ya ce in haɗa musu "plante".

Wanda bai sani ba, plante haɗi ne da ya fito daga tsibiran Karibiyan, irin su Martinik da Gwadalup, Faransanci ya kawo mana sunansa. Ginshiƙinsa rom, barasar da ake tacewa daga rake. Ana zuba mata ruwan abarba da lemun zaƙi da gwaba, ɗan sikari, kirfa, a matse lemun tsami, a bar shi ya huce cikin sanyi. Masu shirya biki suna son sa saboda randa guda tana isar taro, ba sai an tsaya haɗa wa kowa nasa ba. Launinsa kuma kamar faɗuwar rana, mata na ɗaukarsa hoto kafin su kurɓa.

Ni ba na sha, don haka ba ni da harshen da zan gwada. Baba ya gaya mini ta waya: "Ɗana, lita ɗaya ta rom, lita uku ta ruwan 'ya'yan itace, kada ka ƙara." Na duba randar na ga kamar ta yi kaɗan, sai na juye kwalba ta biyu. Ban kuma karanta jikin kwalbar ba. Rom da aka saba da ita ƙarfinta kashi 40 cikin ɗari ne, wannan fara 'yar Martinik kuwa 55 ce. Daga baya muka zauna da lissafi. Haɗin Baba kan tsaya wajen kashi 10, ninki biyu na giyar kwalba. Nawa ya kai 22.

Ba wanda ya yi ƙorafi, nan ne matsalar. Zaƙin abarba ya rufe ɗacin, ƙanƙara ta rufe zafin, mutane suna sha kamar ruwan randa. Kafin sha biyun dare wani malamin makaranta ya yi barci a kujera, takalmi ɗaya a hannu. Mutum uku sai da muka karɓe makullan baburansu muka kira musu 'yan acaɓa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali daban ne. Jug ɗin lemun mangwarona yana gefen randar, launi kusan ɗaya. Wata hajiya ta miƙo kofi wajen randar, na yi wuf na tare.

"Hajiya, wannan ba naki ba ne."

"Ba lemu ba ne, yaro?"

Tun daga ranar, teburin lemuka yana wani gefe, da takarda an rubuta da manyan baƙaƙe. Da Baba ya warke ya nuna mini ɗan kofin awonsa, ya ce shi da ya shekara yana sha ma ba ya yarda da ido. Na ce masa ya riƙe kayansa. Na koma wa zoɓona, wanda in ya yi tsami harshena zai gaya mini.