Yadda ake kallon sulke da takobi a gidan tarihi

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Daushe a ƙofar fadar Zazzau ya ga 'yan sulke da 'yan lifida suna wucewa. Amma daga nesa ne, cikin ƙura. In kana son ganin aikin da ke jikin kayan, sai ka je inda aka ajiye su, kamar Gidan Makama a Kano. Ka tafi da 'yar tocila, ka kuma nemi izini kafin ɗaukar hoto.

Fara da sulke. Riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe, kowane zobe a sarƙe da guda 4 na kusa da shi, nauyinta kan kai wajen kilo 10. Matsa kusa ka dubi zobe ɗaya tak. Na yaƙi, an daddale bakunan zoben biyu, an ɗora ɗaya kan ɗaya, an huda, an sa 'yar ƙusa an dake, har za ka ga ɗan tudu a wurin. Wanda aka yi don kwalliyar hawa kuwa, lanƙwasa waya kawai aka yi baki ya haɗu da baki, tsinin mashi na shiga zai buɗe. Tsofaffin sulke da yawa ta Sahara suka iso mana daga wajen Masar, maƙeranmu suka riƙa yi musu faci. Shi ya sa za ka ga riga ɗaya da zobba iri biyu. A ganina facin nan ya fi komai daraja, domin shi ke nuna an sa rigar an yi aiki da ita. Tsohon littafin Tarihin Kano ya danganta shigowar sulke da kwalkwali da lifidi da zamanin Sarki Kananeji, wajen 1390 zuwa 1410.

Lifidi kuma yadi ne ninki biyu da aka cusa wa audugar rimi aka bi da ɗinki, na doki daban na mahayi daban. Yana tare kibiya sosai. Matsalarsa nauyi da wuta: ɗan lifida in ya faɗo da wuya ya tashi shi kaɗai, kibiyar wuta kuma takan cinna masa.

Wajen takobi, dubi ruwansa, wato ƙarfen takobin, kusa da ƙota. Wasu na ɗauke da tambarin jinjirin wata biyu, wasu ruwan ma daga Turai aka kawo shi, musamman Solingen ta ƙasar Jamus, a nan aka yi masa ƙota, dukawa suka ɗinka kube. Tambarin kaɗai ba hujja ba ne, don maƙeran gida ma sun kwaikwaye shi. Kibau dai kada ka taɓa tsininsu ko da an bar su a fili, dafin kwankwani kan daɗe a jikin ƙarfe.

Abin da ya fi damuna shi ne kayan da ke cikin gidajen sarauta da tsofaffin zuri'a a birnin Zariya, waɗanda ake lalatawa da niyyar gyara. Kada a goge tsatsa da samfefa, tana cinye tambari da duk shaidar maƙeri. Kada a shafa manja ko man gyaɗa, suna daskarewa su yi danƙo su riƙe ƙura. Ɗigo kaɗan na man keken ɗinki a tsumma mai laushi ya isa, a shafa sannan a share. A sa safar hannu, gumin yatsa na barin tabon tsatsa. Takobi kada ya shekara a cikin kube, fata na shan laimar damina ta ajiye ta a jikin ƙarfe. A zare shi a ajiye su gefe da gefe. Sulke ba a rataye shi a ƙusa, nauyinsa zai taru kan zobba kaɗan ya ɓalle su, a shimfiɗe ake ajiye shi kan yadi mai tsabta. Lifidi a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a duba shi a watan Agusta saboda fumfuna, a shanya a inuwa. Garkuwar fata kuma a nisanta ta da rana da iskar hunturu, in ta bushe ta tsage ba ta komawa.