Kafin a goge asusun wanda ya bar jami'a

Daga 2014 zuwa 2021, duk malamin da ya leƙo sashen kwamfuta ya tambayi iyakar abin da zai iya zubawa a Google Drive na jami'a, amsa ɗaya yake samu: babu iyaka, ranka ya daɗe, zuba. Mutane kuwa suka zuba. Bidiyon lacca, hotunan bikin yaye ɗalibai, kwafin kwamfuta sukutum, har da finafinai. A Fabrairun 2021 Google ya sanar da janye wannan kyauta: daga Yulin 2022 kowace makaranta rumbu ɗaya gare ta mai cin TB 100, kuma Drive da Gmail da Photos na kowa daga cikinsa suke ci. Microsoft ya bi sahu a 2023, shi ma da TB 100 na tarayya ga OneDrive da SharePoint da Exchange, wato ma'ajiyar fayil da imel ɗinsa, ya kuma tsayar da masu lasisin A1 na kyauta a kan GB 100. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Lissafin ba shi da wuya. TB 100 shi ne GB dubu 100. Jami'ar da ke da asusu dubu 20, idan aka raba daidai, kowa GB 5 zai samu, kashi ɗaya cikin uku na GB 15 da Gmail na kyauta ke ba kowa. Da zarar wannan lissafi ya isa teburin manya, umarnin da ke saukowa kusan iri ɗaya ne ko'ina: a goge asusun duk wanda ya tafi. Ɗaliban da suka gama, malaman da suka yi ritaya, ma'aikatan wucin gadi, masu yi wa ƙasa hidima da suka wuce. A takarda shawara ce mai kyau. A aikace ita ce kuskuren da ya fi kowane ciwo a wannan aiki, kuma dalilinsa abu ɗaya ne da ba a cika yi wa manya bayaninsa ba.

A Drive kowane fayil yana da mai shi, mutum ɗaya, wato wanda ya ƙirƙira shi ko ya loda shi. Zaman fayil a cikin foldar wani bai mai da shi na mai foldar ba. Shugaban sashe zai buɗe folda ya sa mata suna sakamakon jarrabawa, ya gayyato mutane. Amma wa ke loda takardun? Jami'in jarrabawa na shekarar, ko ɗalibin digiri na biyu da ke taimakawa, ko wata mai hidimar ƙasa da aka zaunar a gaban na'urar sikanin. Shugaban sashe yana ganin komai a foldarsa, yana ɗauka nasa ne. Ranar da aka goge asusun waccan mai hidimar ƙasa, fayilolinta za su ɓace daga foldar, babu saƙon gargaɗi ga kowa, kuma ba za a same su a kwandon sharar shugaban sashe ba, domin ba su taɓa zama nasa ba. Folda tana nan da sunanta, cikinta ne ya zube.

Google yana ba da kwana 20 a dawo da asusun da aka goge. Bayan nan sai haƙuri. To kwana 20 a jami'a ba komai ba ne. Sakamakon jarrabawa sau ɗaya ake nemansa a zango. Takardun tantance kwasa-kwasai kuwa sai hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, za ta dawo ake tuna su, kuma cikakkiyar tantancewa shekara biyar take yi. Ke nan gogewar da aka yi yau, kukanta sai bayan wata huɗu ko shekara uku, lokacin da tawaga ta kusa sauka ana neman rahoton masu jarrabawa na waje. Ihu bayan hari. A ranar ba wanda ke tuna takardar umarnin da ta ce a goge cikin mako biyu. Abin da ake tunawa shi ne 'yan kwamfuta sun ɓatar da takardun sashe. Shi ya sa duk wanda aka ba irin wannan umarni da baki, ya nemi a rubuta, ya kuma mayar da amsa a rubuce yana bayyana abin da zai iya salwanta. Ya ajiye kwafi a inda shi ma ba za a goge masa ba.

Akwai tarko biyu da ke sa mai aikin ya ga kamar ya yi taka-tsantsan alhali bai yi ba. Na farko shi ne dogaro da ranar da mutum ya shiga asusunsa na ƙarshe. Wanda ya shekara uku bai shiga ba, fayilolinsa na iya kasancewa ana buɗe su kowane mako. A jami'o'in gwamnati na Najeriya abin ya ƙara rikicewa, domin wa'adin Yulin 2022 ya faɗo tsakiyar yajin aikin ASUU, wanda ya fara ranar 14 ga Fabrairu aka janye shi ranar 14 ga Oktoba. Wata takwas makarantu a rufe. Rajistar ayyukan Drive kuwa bayanan wata shida kawai take riƙewa. Duk wanda ya ciro rahoto a ƙarshen wannan shekara don ya ga abin da ake amfani da shi, rahoton zai ce masa kusan komai matacce ne.

Tarko na biyu shi ne dakatarwa. Ana cewa a dakatar da asusu na wata uku, idan ba wanda ya yi ƙorafi sai a goge. Ba wanda zai yi ƙorafi, domin fayilolin asusun da aka dakatar suna ci gaba da buɗuwa ga waɗanda aka raba wa. Shirun da aka ji ba ya nufin komai. Kuma asusun da aka dakatar bai rage ko GB ɗaya daga rumbun ba.

Hanyar da ke aiki ta fi jinkiri, ga ta. A fara da shafin ma'aji a wurin gudanarwa, wato inda sashen kwamfuta ke sarrafa asusun kowa, wanda ke jero asusun da suka fi kowa ci. Yawanci za a tarar nauyin yana kan mutane ƙalilan, masu TB biyu, uku, goma, yayin da dubban tsofaffin ɗalibai ba su da komai sai 'yan saƙonni. Goge asusu dubu biyar masu MB 200 kowanne TB ɗaya kacal zai kwato. Waya ɗaya ga malamin da ya loda kwafin kwamfutarsa sau shida na iya kwato fiye da haka, kuma ba a taɓa takardar kowa ba. Bayan an gama da manyan, sai a koma kan waɗanda suka tafi, a raba su gida biyu: masu fayilolin da aka raba wa wasu, da marasa. Marasa, a aika musu sanarwa, a jira, a goge. Masu raba fayil kuwa, a miƙa mallakar fayilolinsu ga wani asusu na ajiya, ɗaya ga kowace tsangaya, kafin a taɓa asusun. Shafin gudanarwa yana tambayar wa za a miƙa wa idan ana goge mutum da hannu. Idan da rubutun umarni ake gogewa a dunƙule, irin su GAM, babu mai tambayarka. Abin da ka rubuta shi zai aikata, kan mutum dubu cikin 'yan mintuna.

A sani cewa miƙa mallaka ba ya rage nauyi, fayil ɗin yana nan cikin rumbu, mai shi ne kawai ya sauya. Amfaninsa shi ne a ba shugabannin sassa zango guda su duba su zaɓi abin da za a riƙe. Abin da aka zaɓa a kai shi Shared Drive, wato rumbun tarayya, inda fayil na jami'a ne ba na mutum ba, ko wa ya tafi yana nan. Kowane rumbun tarayya ya zama yana da manajoji aƙalla biyu, ɗaya daga cikinsu asusun ofis. Fayil ɗin da wani ya loda da Gmail ɗinsa na kansa ba zai shiga ba, sai dai a kwafe shi ko mai shi ya kai shi da kansa, kuma irin waɗannan suna da yawa fiye da yadda ake zato, tunda malamai da dama ba su taɓa son imel ɗin jami'a ba. Idan aikin ya haɗa da sake loda manyan kaya, a tuna asusu ɗaya ba ya wuce GB 750 a rana.

A ɓangaren Microsoft an ɗan sassauta. OneDrive na wanda aka goge yana zama kwana 30 idan ba a sauya tsarin ba, kuma ana ba shugabansa damar shiga, amma sai in an cike gurbin da ke nuna wane ne shugaban nasa a rajistar ma'aikata. Gurbin nan da wuya ka tarar an cike shi.

Sanya wa mutane iyaka shi ma yana da lokacinsa. Wanda ya wuce iyakar da aka sa masa ba zai loda sabon fayil ba, ba zai ƙirƙiri takarda ba, ba zai gyara wadda yake da ita ba. A Classroom kuma, manhajar Google ta ba ɗalibai aiki da karɓarsa, aikin da ɗalibi ya miƙa yana komawa mallakar malami har sai ya mayar masa, saboda haka malamin da ke da aji mai ɗalibi ɗari biyar kuma ba ya mayar da aiki, nauyinsu duk a kansa yake. A sa masa GB 10 ana tsakiyar makin jarrabawa, a ga yadda ofis zai cika. Iyaka a fara ta da sababbin ɗalibai tun ranar da aka buɗe musu asusu, tsofaffi a ba su zango guda, masu bincike da ke da manyan bayanai a sa su a rukuni na dabam mai iyakarsa.

Sauran darussan gajeru ne. Abin da ke kwandon shara yana cikin lissafi har sai ya fita: kwana 30 a Drive, 93 a SharePoint. Bidiyon taron da aka naɗa a Google Meet yana sauka a Drive na wanda ya kira taron, yawanci sakatare, kuma shi ne zai fara cika. SharePoint yana iya tara tsofaffin kwafi har 500 na fayil ɗaya, duk ana lissafa su. Takardun Docs da Sheets da a da ba a ƙirga su, tun 2022 ana ƙirgawa. Lasisin Education Plus, wanda ake saye daga Google, yana ƙara GB 20 a rumbu kan kowane lasisi, amma kuɗinsa kowace shekara ake biya, kuma wanda ya san yadda naira ta yi a 2023 ba zai gina tsari a kan wannan ba.

Ɗaliban da za su fita kuwa, ba a iya miƙa mallakar fayil daga asusun jami'a zuwa Gmail na mutum. Kwafa ake yi ta Google Takeout, shafin da mutum ke sauke kwafin kayansa. A gaya musu tun farkon zangon ƙarshe, su zaɓi a yanka musu kayan GB biyu-biyu, domin ƙunshi mai GB 50 ba zai sauka lafiya a intanet ɗin ɗakin kwanan ɗalibai ba, kuma mahaɗin saukewar mako guda yake yi ya mutu. Wanda kayansa suka fi GB 15, ya zo da faifan ajiyarsa sashen kwamfuta a sauke masa ta kebul kafin a sa hannu a takardar sallamarsa.